Ƙaron Gida Da Wardin Sabha



Duk wanda ya san zaman Hausawa a Sabha ya san sana'o'in mazanmu. Akwai masu aikin gona a Samnu da Tamanhint da Gadduwa, akwai magina da leburori, akwai teloli da masu gyaran takalma, ga masu wankin mota, ga masu tura baro a kasuwa. Waɗannan a fili suke, kowa yana ganinsu da safe a bakin titi. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, me matan da ke cikin gidaje suke yi tsakanin fitar maigida da dawowarsa? To, mu dai wasu ne daga cikin matan nan. Mu biyar ne, maƙwabtan juna, biyu daga Damagaram, ɗaya daga Maraɗi, biyu daga Kano. Abin da muke so mu ba mai karatu labarinsa a wannan wata shi ne wata 'yar ƙaramar sana'a da muka riƙa, wato lulluɓe furanni da ganyaye da sukari domin yi wa kek da sauran kayan zaƙi ado. Wani zai ji ya yi dariya, ya ce ana fama da kuɗin haya da takardar zama, su kuwa waɗannan fure suke wasa da shi. Muna roƙon ya yi haƙuri ya bi mu zuwa ƙarshe, domin a cikin wasan nan akwai abinci, akwai kuma amanar ran 'ya'yan mutane.

Mutanen ƙasar nan, kamar yadda kowa ya sani, masu son zaƙi ne. Ba a biki ko suna ko Salla sai an jera faranti na magrud da baklawa da basbusa, ga kuma kek babba a tsakiya, wanda su suke kira torta, sunan da suka gada daga Italiyawa. In sakamakon jarrabawar sakandare ya fito, ko yarinya ta gama Jami'ar Sabha, sai an yanka kek. Larabawa suna da wata magana, wai ido yana riga baki ci, don haka uwar biki takan damu da adon kek kamar yadda ta damu da ɗanɗanonsa. A nan kuwa wahalar take. Da bazara zafin Sabha yakan haura awo 40, wutar lantarki kuma ta saba yi wa kudancin ƙasar nan yaji na sa'o'i masu yawa. Furen da aka zana da kirim, da zarar firji ya mutu, sai ya narke ya koma kamar kunu. Ɗanyen fure yakan yi yaushi kafin baƙi su gama zuwa. Na roba kuwa sai an tsaya ana tsince shi daga hannun yara. Amma furen da aka lulluɓe da sukari ya bushe, ba ruwansa da firji, ba ya yaushi, ana kuma cinye shi tare da kek ɗin. Wannan giɓi ne muka gani muka shiga.

Abin da ya fi ba mu sha'awa a sana'ar shi ne, ginshiƙinta kayan gidanmu ne. Sukari ba ya zama a jikin fure sai da abin da zai manne shi, kuma babu abin da ya kai ƙaro a wannan aiki. Ƙaron nan dai da muka sani tun muna yara, wanda almajirai suke haɗa tawada da shi, wanda masu wankin hula suke sa wa zanna da kube don su tsaya ƙyam. Daga jikin itacen ɗakwara yake tsattsafowa da rani, ya daskare, a bi a tsince. Ana samunsa a Barno da Yobe da Jigawa, ana samunsa a yankin Diffa da Gure, amma Sudan ce ta fi kowace ƙasa fitar da shi, Cadi da Nijeriya suna biye. Mutane da yawa ba su san cewa sun daɗe suna shan ƙaro ba, domin kamfanonin lemon kwalba da na alewa da na magunguna duk suna amfani da shi, kuma in ka ga an rubuta E414 a jikin kwali, to, shi ne. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, manyan kamfanonin duniya sun shiga damuwa a kan ƙaro. Mu a nan muna samunsa ta hanya biyu. Ko dai a shagunan masu sayar da kayan yaji da na turare, inda ake ce masa samag arabi, ko kuma mu yi saƙo wa direbobin da ke bin hanyar Agadas da Dirku da Gatrun su riƙo mana na gida.

Aikin ba sabo ba ne a duniya. A Ingila, littattafan girki na ƙarni na 17 sun koya wa matan gida yadda za su jiƙa ƙaro da ruwan wardi su shafa wa fure su barbaɗa sukari. A Faransa, birnin Tulus ya yi suna da wani ɗan fure mai launin shuɗi-shuɗi da ake lulluɓewa da sukari ana sayar wa baƙi a matsayin tsaraba. Yawancin masu koyarwa a intanet yau farin ƙwai suke cewa a yi amfani da shi, saboda shi ne a kusa da hannunsu. Mu dai ba mu bi wannan hanya ba, kuma muna da dalili. Ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa zazzaɓi da gudawa, ga garin da zafi, ga masu cin adon yawanci ƙananan yara ne. Bayan haka, furen da aka yi da ƙwai ba ya daɗewa, na ƙaro kuwa in an adana shi da kyau yakan yi watanni. Wato abin da Bature yake nema a kantin musamman, mu yana ƙulle a bakin zanen kakanninmu.

Ga yadda muke yi, don wadda take so ta gwada. Da farko a zaɓi ƙaro mai haske, wanda in an ɗaga shi sama ana ganin rana ta cikinsa. Baƙin ƙaro mai ɓawon itace da ƙasa a bar wa masu hula. A ɗauraye shi da sauri, a shanya, a daka a turmi mai tsabta har ya yi gari, a tankaɗe. A ɗebi cokalin shayi 1 na garin a zuba a ƙaramar kwalba, a ƙara cokalin miya 2 na ruwan wardi ko ruwan furen lemo, waɗanda ake kira ma ward da ma zahar a kantunan nan. In babu su, tafasasshen ruwa da ya huce ya wadatar. A rufe, a girgiza, a bar shi ya kwana. Da safe za a tarar ya narke ya yi kauri kaɗan, yana ɗan kama yatsa. Sai a tace shi da farin ƙyalle mai tsabta. Shi kuma sukari, na shayi ya yi gwari-gwari da yawa, zubewa zai yi. Wanda aka niƙa ya zama kamar fulawa kuma dunƙulewa yake yi ya rufe launin furen. Abin da ake so tsaka-tsaki ne, a ɗan daddaka na shayin sama-sama, a tankaɗe da rariya, a ɗauki mai laushin yashi.

Furen kuma a tsinke shi da sassafe kafin rana ta buɗe. A duba cikinsa saboda ƙwari, a ɗauraye a hankali, a shimfiɗa a kan tawul har ruwan ya tafi gaba ɗaya, domin ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata aiki. In wardi ne, ba a yinsa ɗungurungum, falle-falle ake cire shi, a kuma yanke ɗan farin gindin kowane falle da almakashi saboda ɗaci gare shi. Sai a sami ƙaramin burushi mai laushi, sabo, wanda ba a taɓa sa shi a fenti ko kwalliya ba, a shafa ruwan ƙaron gaba da baya, shafa ta sama-sama, amma kada a bar wurin da bai taɓa ba, don duk inda aka tsallake nan ne zai yi baƙi. Daga nan a riƙe fallen a kan kwano a barbaɗa sukari da yatsu ta kowane gefe, a karkaɗe abin da ya yi yawa, a jera a kan tire da aka shimfiɗa wa takardar gasa kek. Bayan sa'a guda a ɗan gusa kowane ɗaya don kada ya manne. Aiki ne na zama, ba ya son gaggawa. Babbarmu, wadda muke kira Inna, takan ce wa 'yan matanmu in sun fara sauri, "Ke 'yar nan, sannu ba ta hana zuwa. Fure ne a hannunki, ba wankin tukunya ba."

A wajen shanya ne muka gane cewa Fezzan ta yi mana gata. Masu yin wannan aiki a Turai sukan jira kwana ɗaya ko biyu, wasu har sai sun sa a tanda mai ɗan ɗumi, saboda iskarsu da laima. Iskar Sabha kuwa busasshiya ce ƙayau, akwai shekarar da za ta wuce ba a ga ruwan kirki ba. Abin da muka shafa da hantsi, kafin washegari ya bushe yana ƙaras-ƙaras. Bushewar nan da ke fasa mana leɓe da dunduniya ita ce jarinmu. Sai dai a kiyaye abu uku. Kada a shanya a rana, launin zai koɗe, a inuwar ɗaki ake yi. In iskar gibli ta taso da ƙurarta a rufe tagogi, a kife tiren da ƙyallen gidan sauro. Sannan a yi dabarar kiyashi, a ɗora tiren a kan kofuna da aka tsayar cikin faranti mai ruwa. Lokacin da ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a Sabha a watan Satumba na 2024, har ya cika tituna ya shiga gidaje, mun ga bambanci da idonmu, domin a 'yan kwanakin nan sukari ƙin bushewa ya yi, sai muka jingine aiki har iska ta koma yadda take. In fure ya bushe, a jera shi a kwalba mai murfi da takarda tsakani, a ajiye a wuri mai duhu. Kada a sa a firji, kada kuma a ɗora shi a kan kek sai dab da za a fito da shi, don laimar kirim tana narkar da sukarin.

To, wane fure ake ci? Na farko wardi, musamman na gida mai ƙamshi, wanda ya fi yin fure a watannin Maris da Afrilu. Sai ganyen na'ana'a, wanda ba ya yankewa a garin nan saboda shayi, kuma shi ne ya fi sauƙi ga mai koyo. Akwai ganyen atar, wannan mai ƙamshin wardi da matan Libiya suke shukawa a tukwane suna jefawa a shayi da mahallabiya. Akwai furen lemo in an dace da lokacinsa. Daga namu na gida kuma akwai furen zogale da ganyen ɗoɗɗoya. Zoɓo, wanda ake sayarwa a nan da sunan karkade, hanyarsa dabam ce saboda kaurinsa. Ana zaɓar waɗanda ba su kakkarye ba, a jiƙa su su yi laushi, a dafa su a wuta kaɗan-kaɗan cikin kofi 1 na sukari da kofi 1 na ruwa har su yi sheƙi, a tsame, a bar su su sha iska, sannan a birkiɗa su cikin sukari. Jan zoɓo a kan farin kek abin kallo ne, ɗan tsaminsa kuma yana karya zaƙi. Maƙwabtanmu da suka san karkade a kofi kawai sun yi mamakin ganinsa a kan torta.

Yanzu mun zo kan abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Hausawa sun ce zuma da zaƙi da harbi. Duk abin da aka ɗora a kan kek ya zama abinci, ko mai ɗorawa ta yi nufin haka ko ba ta yi ba. Wanda ya taɓa zuwa bikin da yara suka cika ya san cewa kafin wuƙa ta taɓa kek, hannuwa goma sun kai ga adon. Yaro ɗan shekara 3 ba ya tambaya ko wannan na ci ne ko na kallo. Kuma abin takaici, furannin da suka fi yawa a titunan ƙasar nan da ƙofofin gidaje, suka fi jure zafi, suka fi ɗaukar ido, da yawansu guba ne. Babbansu shi ne wanda Larabawa suke kira difla, mai dogayen ganye kamar na mashi da fure ruwan hoda ko fari. Ganyensa da furensa da itacensa duk dafi ne, kuma zuciya yake taɓawa. Akwai kariya, mai kumburarren gindi, wadda ake sayarwa a tukwane da sunan wardin sahara. Sunan nan tarko ne, ba ta da dangantaka da wardi, kuma a ƙasashenmu da ruwanta mafarauta suke haɗa dafin kibiya. Akwai zaƙami mai farin fure kamar kakaki, wanda ba banza ba aka yi masa laƙabi da haukata yaro. Akwai tumfafiya, wadda kowa ya san abin da nononta yake yi wa ido. Sukari ba ya kashe dafin ko ɗaya daga cikinsu, sai ma ya ɓoye ɗacin da zai sa yaro ya tofar.

Hatta wardi na gaskiya ba kowanne ake ci ba. Wanda ake sayarwa a shagunan furanni, mai dogon kara, naɗe cikin leda, an noma shi ne don kallo. Ana yi masa feshin maganin ƙwari da na ruɓewa don ya jure doguwar tafiya, kuma dokokin da ke iyakance feshi a kan kayan abinci ba su hau kansa ba. Wanki ba ya fitar da wannan duka. Haka furen bakin titi da ya sha hayaƙin mota, haka na gonar da aka yi wa feshi. Ƙa'idarmu guda ce, ba ma taɓa furen da ba mu san sunansa ba, ba mu san mai shukarsa ba, ba mu san abin da aka zuba masa ba. Yawancin abin da muke amfani da shi a tsakar gidajenmu muke shuka shi, cikin tsofaffin bokitai da gwangwanayen fenti da aka wanke aka huda.

Ƙa'idar nan takan jawo mana asarar ciniki. Akwai wata maƙwabciyarmu Balarabiya, mutuniyar kirki, da za ta yi wa 'yarta baiko. Ta aiko aka kira biyu daga cikinmu, ta nuna mana diflar da ke ƙofar gidanta ta yi fure jingim, ta ce irin wannan launi take so, don ya dace da rigar yarinyar, kuma ga shi nan kyauta, mu tsinka yadda muke so. Inna ta ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ba ya hawa kan abinci. Ko awakinki ba kya bari su ci shi." Ta ce ai ba ci za a yi ba, hoto kawai za a ɗauka a cire. Inna ta ce, "Jikokinki nawa za su zo, Hajiya? Wa zai tsaya gadin kek ɗin?" Ranar dai ba ta ji daɗi ba, mun fito ba ciniki. Bayan kwana biyu ta aiko ƙaramin ɗanta da saƙo, wai mu yi mata da wardinmu ko da launin bai kai ba. Tun daga lokacin kuwa ƙawayenta da yawa ta hannunta suka san mu.

Dalilinmu na tsanantawa ya wuce tsoron asarar suna a kasuwa. Mu baƙi ne a garin nan, kuma baƙo ba ya yin laifi shi kaɗai. In yaron wani gida ya kwanta asibiti saboda abin da ya ci a kan kek, ba za a ce wance ce ta yi ba, za a ce 'yan Afirkan nan ne, abin ya shafi mai gyaran takalma da mai tura baro da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Manyanmu da suka daɗe a ƙasar nan suna tuna rikicin Zawiya na watan Satumba na shekarar 2000, lokacin da aka far wa baƙaƙen baƙi, har aka kwashe dubbai aka mayar da su ƙasashensu. Wanda ya ga wannan ya san yadda ƙaramar magana take girma in ta hau kan baƙo. Saboda haka duk 'yar uwar da za ta shiga sana'ar abinci a Sabha, ko fure ne, ko ƙosai, ko fura, ta san cewa mutuncin jama'a guda ta ɗauka a tire.

Wani lokaci in muna zaune muna shafa ƙaro, hira takan kai mu ga tarihin wannan hanya da ta kawo mu. Ba yau kayan zaƙi suka fara ratsa Fezzan ba. Fataken Gadamas da na Tarabulus sun zauna a Kano ɗaruruwan shekaru, har suna da unguwarsu, Dandalin Turawa, don a wancan zamani Larabawa ake kira Turawa. Unguwar Alfindiki ma daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta samo suna. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya taso daga Tarabulus a 1850, ya bi ta Murzuk da Gat da Agadas, ya shiga Kano a 1851, kuma a cikin kayan da ya lissafa ana kawowa kasuwar Kano daga arewa akwai sukari da man wardi. Ko bakinmu shaida ne. Sukari da wardi da na'ana'a da alewa duk kalmomin Larabci ne. Alkakin da ake kai wa gara ɗan uwan ka'ak ne na nan, gireba ita ce guraiba, gurasa ma ta wannan hanya ta je mana. Ranar da muka fara ganin guraiba a farantin Salla na maƙwabta, 'yan Kanon cikinmu cewa suka yi ashe a nan ma ana yin gireba, sai Inna ta ce ai gida kuka biyo ta.

Hanyar ba zaƙi kaɗai ta ɗauka ba, wannan kuwa ba ma ɓoye wa 'ya'yanmu. Ayarin da ya kai sukari kudu ya dawo da bayi arewa, kuma Murzuk, da ke kudu da mu, babbar kasuwarsu ce a ƙarni na 19. Cinikin raƙuma ya durƙushe bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, shekarar da Italiya ta kawo wa Libiya mamaya. Amma hanyar ba ta mutu ba, motoci ne suka maye gurbin raƙuma. A watan Afrilu na 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ba da rahoton cewa ana sayar da baƙin haure a Sabha, kuma tun daga nan in ka ce wa mutumin gida a Sabha kake, abin da ke fara zuwa ransa ke nan. Ba ma musun wahalar da 'yan uwa suka sha, wasunmu sun gani a cikin danginsu. Muna dai so a sani cewa a garin nan akwai kuma iyalai da suke zaune, suke renon 'ya'ya, suke neman halal da hannunsu, kuma a wannan karon akwai ɗan abin da mu muka kawo wa farantin masu gida, ƙaro da zoɓo.

Game da riba, ba za mu ce wa kowa sana'ar nan tana gina gida ba. Tana da lokacinta, takan yi ƙarfi da Salla da lokacin bukukuwa da fitowar sakamako, ta yi sanyi a tsakani. Amma jarinta kaɗan ne, ba ta bukatar wuta, ba ta bukatar shago, kuma ba ta fitar da mace titi a garin da fita take da nauyi ga wadda takardunta ba su cika ba, balle a shekarun da aka yi ta faɗa a cikin gari, kamar 2012 da 2014 da 2018. Muna sayar wa matan da ke gasa kek a gidajensu, a ƙananan kwalabe, kowace da sunan furen da ranar da aka yi shi a rubuce da Larabci. Ba ma ƙara kalar roba don a ce ya yi kyau. In mai saye ta ce akwai mai asma ko mai ƙyan jiki a gidan, mukan ce ta cire adon daga rabonsa, domin akwai jikin da ba ya karɓar fure ko da na ci ne. Abin da ya shigo mukan zuba wani kashi a adashi, daga ciki aka sayi littattafan yara, aka aika wa wata tsohuwa kuɗin magani a Maraɗi, aka kuma sayi tanda ƙarama mai gas da ɗayarmu ta fara gasa nata kek ɗin.

Daga ƙarshe muna da roƙo ga 'yan uwa. Mazanmu da ke aiki a gonakin Samnu da Tamanhint da sauransu, in mai gona ya yarda, ku ware ɗan layi ɗaya a gefe, nesa da inda ake feshi, ku sa wardi da na'ana'a, za mu saya. Amma ku gaya mana gaskiya in feshi ya taɓa shi, ko da iska ce ta kai. Direbobinmu, in za ku riƙo ƙaro, ku sa shi a buhu mai tsabta, kada ya kwanta kusa da jarkar fetur, don yana ɗaukar wari. Iyaye mata, ku koya wa yara sunayen itatuwan da ke ƙofar gida, su san difla da kariya kamar yadda suka san wuta. Duk 'yar uwar da take son koyo kuma, ƙofarmu a buɗe take, ba ma karɓar ko sisi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sharaɗinmu dai shi ne, kafin mu ba ta burushi sai ta iya bambanta furen ci da na guba, ta kuma yi alkawarin ba za ta sayar wa ɗan wani abin da ba za ta iya sa wa nata a baki ba.

Allah ya tsare mu da zuriyarmu, ya sa albarka a neman kowa, ya ba ƙasar nan da ƙasashenmu zaman lafiya. Sai wani watan in muna da rabo.